Kwana huɗu a ƙafa zuwa Machu Picchu: hanyar sarakunan Inka da masu ɗaukar kayanta

Yau tarihinmu zai tsallake teku zuwa ƙasar Peru, a Kudancin Amurka.

Da yawa cikinku sun taɓa cin karo da hoton nan a waya: kangon wani gari na dutse bisa ƙoƙon tsauni, gajimare na yawo a ƙarƙashinsa, wani dogon dutse kore tsaye a bayansa. To Machu Picchu ke nan, ana furta shi Macu Pikcu, ma'anarsa "tsohon tsauni" a harshen Kecuwa, harshen mutanen Inka wanda har yau miliyoyi ke magana da shi. Yawancin baƙi jirgin ƙasa suke shiga daga wajen birnin Kusko, su ƙarasa da mota, su yi hoto su juyo. Amma akwai masu zaɓen tsohuwar hanyar da Inka suka shimfiɗa, kilomita kusan 43, kwana huɗu a ƙafa. Wani zai ce kilomita 43 ai ɗan kabu-kabu awa guda ta ishe shi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu haka ne. Can kuwa hawa ne da gangara, dutse bisa dutse.

Ana tashi daga wani wuri da ake kira Kilomita 82, a bakin layin dogo, gefen kogin Urubamba. Nan jami'ai ke duba fasfo da takardar izini, domin gwamnatin Peru mutum 500 kawai take bari su shiga hanyar a rana, kuma a watan Fabrairu, tsakiyar daminarsu, rufe ta ake yi baki ɗaya don gyara. Ku riƙe wannan lissafi: cikin 500 ɗin, ƴan yawon buɗe ido kamar 200 ne. Sauran jagorori ne, masu dafa abinci, da ƴan dako. Su ƴan dakon ba fasfo ake dubawa ba, kayansu ake ɗorawa a sikeli.

Ranar farko tafiyar ba wuya, ana bin kwari, ana hango kangon Patallakta da gonakinsa masu hawa-hawa kamar matakala. Tun nan matafiyi zai fara gane cewa ƙaramin reshe yake takawa na wata babbar hanya. Daular Inka, wadda masu ita ke kira Tawantinsuyu, wato "sassa huɗu", ta bunƙasa ne daga 1438 lokacin da sarki Pacakuti ya hau mulki a Kusko, shekara 25 kafin Muhammadu Rumfa ya hau sarautar Kano. Cikin ƙasa da shekara ɗari ta miƙe daga kudancin Kolombiya ta yau har tsakiyar Chile. Abin da ya ɗaure wannan doguwar ƙasa shi ne hanya, kilomita wajen 30,000, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, shekara guda bayan ta sa tsohon garin Agadas.

Abin mamakin, mutanen nan ba su da doki, ba su da amalanke, ba su ƙera baƙin ƙarfe. Dabbar dakonsu lama ce, ƴar uwar raƙumi marar tozo, wadda ba ta ɗaukar fiye da kilo 30 kuma ba a hawanta. Saboda haka hanyar ƙafa suka gina, shi ya sa in ta iske tsauni ba ta kewaya shi, matakala take zama ta haye. A kan hanya akwai zanguna da suke kira tambo, da rumbunan gwamnati cike da masara, tufafi da busasshen dankali. Wannan dankalin da muke ce wa na turawa, ashe na mutanen Andes ne, su suka fara noma shi dubban shekaru kafin Bature ya gan shi. Suna baza shi cikin sanyin dare ya daskare, su tattake shi da ƙafa, rana ta busar, ya shekara da shekaru bai lalace ba. Saƙon sarki kuma ƴan gudu ne ke kai shi, ana kiransu caski. Wannan ya yi gudun ƴan kilomitoci ya miƙa wa na gaba, dare da rana, har saƙo ya ci kilomita kusan 240 a yini guda, kamar daga Maraɗi zuwa Damagaram. Ba su da rubutu irin namu, igiyoyi masu ƙulle-ƙulle suke amfani da su wajen lissafin mutane da haraji, sunansu kipu.

To wa ya fasa duwatsun, wa ya jera su? Talaka. Inka ba su karɓar haraji da kuɗi, da ƙarfin jiki suke karɓa. Kowane ƙauye na ba da mazaje na wani lokaci su yi wa sarki aiki, tsarin da ake kira mita. Kamar gayya take, sarki na ciyarwa yana shayarwa, sai dai gayya ce wadda ba a cewa ba za a je ba.

Rana ta biyu ita ce mai raba yaro da babba. Daga masaukin Wayllabamba, mai tsawon mita 3,000 bisa teku, ana hawa har mashigin Warmiwanyuska, mita 4,215. Fassarar sunan "macen da ta mutu", don surar dutsen kamar mace ce kwance tana kallon sama. Don ku kwatanta, dutsen da ya fi tsawo a Nijar, can Bagzan cikin Ayar, mita 2,022 ne, bai kai rabin wannan ba. A can sama iskar shaƙa ta yi ƙaranci, mutum ya yi taku goma ya tsaya yana haki, kai na sara, wani har amai. Mutanen wurin ganyen koka suke taunawa kamar yadda ake cin goro a nan, yana rage gajiya da yunwa. Baƙo na dogara sanda da ƴar jakarsa ta ruwa da biskit, sai ya ji ana cewa a ba da hanya, ɗan dako ya wuce shi da sassarfa, tanti da tukwane da tulun gas a bayansa, wani ma da takalmin tayar mota. Kafin baƙon ya isa masauki an kafa tanti, an dafa shayi.

Hanyar da ta ɗaukaka Inka ita ta kawo musu ajali. Wajen 1527 sarki Wayna Kapak ya rasu a wata annoba, masana da dama na ganin agana ce da ta riga Turawa isowa. Ƴaƴansa biyu, Waskar da Atawalpa, suka shiga yaƙin gado. Atawalpa ya ci, bai ko huta ba sai ga Francisco Pizarro ɗan Sifaniya da mutum 168, sun hawo kan shimfiɗaɗɗiyar hanyar Inka, suna kwana a zangunan Inka, suna ci daga rumbunan Inka. Ranar 16 ga Nuwamba 1532 a garin Kajamarka suka yi wa sarkin kwanton ɓauna suka kama shi, alhali dubun dubatar sojojinsa na bayan gari. Ya yi alkawarin cika musu ɗaki da zinariya sau ɗaya, da azurfa sau biyu. Bisa wannan hanya aka yi ta jigilar dukiyar a kan lama da bayan mutane. Suka narke ta, suka raba, sannan a Yuli 1533 suka kashe shi.

Labarin bai ƙare nan ba, ko da yake littattafai da yawa nan suke tsayawa. Ɗan uwansa Manko Inka, wanda Sifaniyawa suka naɗa don ya zama sarkin jeka-na-yi-ka, ya yi musu tawaye a 1536, ya kewaye Kusko wata da watanni. Da abin bai yiwu ba ya ja da baya cikin kurmin Bilkabamba, inda shi da ƴaƴansa suka riƙe ƴar ƙaramar daula shekara 35. Shi Manko wasu Sifaniyawa ƴan gudun hijira da ya ba mafaka ne suka kashe shi a 1544. Na ƙarshensu, Tupak Amaru, an kamo shi a 1572 aka fille masa kai a dandalin Kusko bisa umarnin gwamna Francisco de Toledo. Shi wannan Toledo bai soke tsarin mita ba, juya shi ya yi, aka riƙa tura ƴan ƙauye ramukan azurfa na Potosi, inda da yawa ba su dawo ba.

Rana ta uku ita masu tafiya suka fi yabo. An bar ƙeƙasasshen tsauni an shiga kurmi mai hazo, bishiyoyi sun sha gansakuka, furanni na rataye. Daga nan mafi yawan daɓen da ake takawa na asali ne, wanda aka jera shekara fiye da 500. Ana wuce Runkurakay, da Sayakmarka da ke maƙale a bakin rami, a ratsa ta cikin wani kogo da suka faɗaɗa da hannu, a iso Puyupatamarka, "gari bisa gajimare", inda har yanzu ruwa ke gudu cikin kwatamin dutse. Daga nan gangara ce ta matakalai, kusan mita 1,000, wadda ke cin gwiwa fiye da hawan jiya, har masaukin ƙarshe kusa da Winyay Wayna.

Shi kansa Machu Picchu, a tsakiyar ƙarni na 15 aka gina shi, kuma mafi yawan masana sun tafi a kan cewa gidan hutu ne na Pacakuti da zuriyarsa. Gine-gine kamar 200 ne. Manyan ɗakunan ibada an sassaƙa duwatsunsu an haɗa ba laka ba siminti, ko bakin wuƙa ba ya shiga tsakani, kuma girgizar ƙasa ba ta rushe su ba. Amma ni aikin da ba a gani ya fi burge ni. Wurin na samun ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, kamar ninki huɗu na daminar Maraɗi, a kan gangare. Abin da ya hana garin zaftarewa shi ne tsakuwa da yashi da suka jera ƙarƙashin gonaki da magudanai fiye da ɗari da suka huda cikin bango. Suka janyo ruwan wata maɓuɓɓuga ta kwatami mai mita 749, ya bi wuraren ɗiba 16 ɗaya bayan ɗaya, na farko a ƙofar sarki. Bai kai shekara ɗari ana zaune a ciki ba, da daula ta faɗi masu hidima suka watse.

Sai maganar "gano shi". Ranar 24 ga Yuli 1911 wani malamin jami'ar Yale ta Amurka, Hiram Bingham, ya iso kwarin yana neman Bilkabamba. Wani manomi mai suna Melchor Arteaga ya ce masa akwai kango a sama, ya hau da shi, ladansa sol ɗaya na kuɗin Peru. A can suka iske iyalai, gidan Richarte da gidan Alvarez, suna noman masara da dankali a gonakin Inka. Yaron gidan ne ya zaga da Bature cikin kangon. A jikin wani bango kuma ga sunan Agustin Lizarraga da shekarar 1902 an rubuta da gawayi, wani manomin yankin da ya riga shi shekara tara. Duk da haka, da mujallar National Geographic ta ba da fitowarta ta Afrilu 1913 kacokan ga labarin, sunan Bingham duniya ta riƙe. A yi masa adalci, shi ya sa aka share wurin, aka auna, aka ɗauki hotuna. Sai dai ya mutu yana cewa nan ne Bilkabamba, alhali ainihin Bilkabamba wani kango ne cikin kurmi, Espiritu Pampa, wanda shi ma ya taka a 1911 ya raina. Sai a 1964 Gene Savoy ya nuna haka. An kuma yaɗa cewa yawancin ƙasusuwan da aka tono na mata ne masu bautar rana, daga baya da aka sake aunawa aka ga maza da mata kusan daidai suke, masu hidima da aka kwaso daga sassa daban-daban na daular. Tukwane, kayan ado da ƙasusuwan da ya tafi da su Yale da sunan aro, sai da Peru ta kai ƙara kotu kafin a daidaita a 2010, aka gama maido su a 2012. Aron shekara ɗari ke nan. Yanzu suna gidan tarihi na Casa Concha a Kusko.

Ƴan dakon yau jikokin waɗancan manoma ne, masu magana da Kecuwa daga ƙauyukan tsaunukan kewaye, waɗanda ke haɗa noma da dako. Da can ba iyaka ga abin da ake ɗora musu. A 2001 majalisar Peru ta yi dokar ƴan dako, ta ƙayyade kaya kilo 20 da mafi ƙarancin lada, shi ne dalilin sikelin nan na Kilomita 82. Ƙungiyoyinsu har yau suna kukan cewa wasu kamfanoni na zagaye dokar, kuma kyautar da baƙi ke tarawa daren ƙarshe tana da nauyi cikin abin da mutum zai kai gida.

Rana ta huɗu ana tada baƙi wajen ƙarfe uku da rabi na dare. Suna tsammanin don su riski fitowar rana ne, amma shingen jami'ai sai biyar da rabi ake buɗe shi, zama za su yi cikin sanyi suna jira. Ainihin dalilin, ƴan dako ne ke buƙatar naɗe tantuna da wuri. Baƙi su bi hanya zuwa Inti Punku, "ƙofar rana", inda ake fara hango garin daga sama, masu kuka su yi, masu hoto su yi. Su kuwa ƴan dako wata hanyar daban suke bi, su gangara cikin duhu da fitila a goshi zuwa bakin kogi, don su samu jirgin ƙasan asuba mai ɗaukar ƴan ƙasa. Wanda ya makara sai ya jira na gaba ko ya bi layin dogo a ƙafa. Shi ya sa ake samun mutumin da ya yi shekaru yana bin wannan hanya da kayan wasu a baya, bai taɓa shiga Machu Picchu ba.