Goron Albishir: Tarihin Kalmar Linjila

Yaron da ya tashi a Shahuci, cikin birnin Kano, tun yana makarantar allo yake sanin sunayen littattafai huɗu: Attaura, Zabura, Linjila da Alƙur'ani. A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya hana su zama, suka juya. Amma sunan saƙon da suka ɗauko ya riga su shiga gari da daɗewa. Daga bakin Larabawa, masu cewa Injil, Bahaushe ya karɓi Linjila, tushenta kuwa kalmar Helenanci ce, euangelion.

Gaɓa biyu ke cikinta. Eu na nufin mai kyau, angelos kuma ɗan aike ne, shi ne kalmar da aka fassara mana da mala'ika. A waƙar Odisi ta Homa, euangelion tukuici ne da ake ba wanda ya kawo labari mai daɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In mutum ya shigo gida ya ce albishirinka, sai a amsa masa da goro kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Da Yahudawan Iskandariya suka fara juya Littattafansu zuwa Helenanci, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, wannan ma'ana tana nan da ranta: a 2 Sama'ila 4:10, mutumin da ya kai wa Dawuda labarin mutuwar Saul yana sa ran goronsa ne.

A hankali sunan tukuicin ya koma kan labarin kansa, musamman labarin nasarar yaƙi ko na sarauta. A Priene, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, an sami rubutu a dutse na wajen shekara ta 9 kafin haihuwar Almasihu, inda aka kira ranar haihuwar Kaisar Augustas mafarin albishir ga duniya. Da wannan kalmar ta fada Markus ya buɗe littafinsa, ya ɗora ta a kan Yesu, wanda hukumar Roma ta gicciye. Mai karatu na wancan zamani ya san abin da ake nufi: an yi sabon Sarki, kuma ana shela.

Sai wajen shekara ta 150 muke ganin Justin Shahidi yana kiran rubuce-rubucen manzanni da wannan suna. Ta haka kalmar ta zama sunan littafi, kuma a wannan siga ta iso ƙasar Hausa. Masu fassara, tun daga Schön wanda ya fitar da Matiyu da Hausa a 1857, har zuwa cikakken Littafi Mai Tsarki na 1932, sun gaji Linjila a bakin jama'a. Kalmar da ta zauna a ikkilisiya ita ce bishara, 'yar'uwar albishir, kuma ita ce ta riƙe ma'anar fari.

'Yan'uwa, haɗarinmu shi ne mu mai da bishara littafin da ake ajiyewa a kan tebur, a kaɗe masa ƙura ran Lahadi. Albishir yana bukatar mai ɗauka da mai ji. Maƙwabcinmu ya san sunan Linjila, yana kuma girmama shi. Abin da ya rage shi ne ko zamanmu da shi, a kasuwa da wurin aiki, yana kama da na mai kawo labari mai daɗi.

Goron fa? Bulus ya yi wa kansa wannan tambaya a 1 Korantiyawa 9:18. Ladan da ya zaɓa shi ne ya sanar da bishara kyauta, bai karɓi kome ba. Ubangiji ya ba mu irin wannan zuciya. Amin.