Daga Jirgin Kwara Zuwa Rokar da Ke Dawowa

A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato bayan ya ratso Sahara daga Tarabulus. Cikin kayansa akwai na'urorin auna tsayin rana da taswirar taurari. Da ya baje su gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sai ya tarar Sarkin ya san buruji, ya kuma san sunayen taurari da yawa da Larabci. Ilmin falaki ba baƙo ba ne a garin: da shi malamanmu ke lissafin watanni da lokutan salla da shigar damina. Clapperton ya sake dawowa, ciwo ya kama shi, ya mutu a nan a Afrilun 1827.

Muna tuna wannan ne saboda yau ana ta zancen kafa matsuguni a duniyar wata da duniyar Mas, kuma kalmar da masu zancen ke amfani da ita a Turance ita ce dai wadda muke fassarawa da mulkin mallaka. Mu kuwa mun san yadda wannan abu ya faro a wurinmu.

Baƙon da ya zo sau ɗaya ya mutu bai iya mallake kowa. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi Kwara har inda ta faɗa teku. A 1832 aka turo jiragen ruwa masu tururi su hau kogin, zazzaɓi ya kashe mafi yawan Turawan da ke ciki. Sai a 1854 lissafin ya sauya. Wani jirgi mai suna Pleiad, wato taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, ya hau Kwara da Binuwai ƙarƙashin William Baikie, mutanensa suna shan kwinin, ya koma ba Baturen da ya mutu. Daga ranar da zuwa da dawowa suka zama abin da za a iya maimaitawa, sai ɗan kasuwa ya biyo ɗan leƙen hanya, soja ya biyo ɗan kasuwa. Aka zauna a Balin daga 1884 zuwa 1885 aka tsara ƙa'idar rabon Afirka, babu wakilinmu ko ɗaya a zauren. Ran 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Tsakanin jirgin Baikie da Giginya shekara 49 ce kacal.

Tafiyar sama ma ta daɗe a matakin Clapperton. Kafin abu ya zauna yana kewaya duniya, sai ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Don haka mafi yawan nauyin roka mai ne, kuma da zarar wani sashe ya ƙone nasa, sai a yar da shi ya faɗa teku. Kwatankwacinsa a sayi sabuwar mota daga Sakkwato zuwa Kano, a cinna mata wuta a tasha, gobe a sayi wata. Da irin wannan tsada Amurka ta sauke mutum 12 a kan wata tsakanin 1969 da 1972, daga nan aka tsaya. Ta gwada kumbo mai fukafukai da ke sauka kamar jirgin sama, ya yi tafiya 135 daga 1981 zuwa 2011, amma gyaransa bayan kowace tafiya ya ci kuɗi da lokaci, haɗurra biyu na 1986 da 2003 kuma suka kashe mutum 14.

Ran 21 ga Disamba 2015 kamfanin SpaceX ya dawo da sashen farko na rokar Falcon 9 ya sauka a tsaye a Fulorida. Ga yadda abin yake: sashen mai injuna 9 yana rabuwa da na sama bayan kamar minti biyu da rabi, ya juya da ɗan man da aka rage masa, ya sake kunna inji don rage gudu, ƙananan fukafukai su daidaita shi cikin iska, ƙafafu huɗu su buɗe, ya dira a ƙasa ko a kan wani faffaɗan jirgi a teku. A Maris 2017 aka sake harba wanda ya taɓa zuwa. Yanzu akwai waɗanda suka je suka dawo fiye da sau 20. A Oktoba 2024 kuma hasumiyar harbi ta cafke ƙaton sashen rokar Starship da hannuwanta na ƙarfe yana saukowa. Wannan shi ne kwinin da jirgin tururin zamaninmu.

Ba a gefe kawai muka tsaya muna kallo ba. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, tana cikin tashoshin da suka bi John Glenn lokacin da ya kewaya duniya sau 3 ran 20 ga Fabrairu 1962. A Oktoban wannan shekarar wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina. Daga baya masana suka tabbatar ɓalli ne daga duniyar Mas, har aka liƙa ɗan ɓarɓashinsa a kumbon da NASA ta aika can a 1996. Najeriya ta kafa hukumar sararin samaniya, NASRDA, a 1999, ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003. NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa a 2011. A Yunin 2017 ɗan ƙaramin tauraron NigeriaEduSat-1, wanda jami'ar fasaha ta Akure ke da hannu a ƙera shi, ya hau Falcon 9, kuma rokar da ta ɗauke shi ta dawo ta sauka. A Janairun 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da intanet ɗin Starlink ya fara aiki a cikinta, intanet ɗin da dubban taurarinsa ba su hauwa sama ba don arhar rokar da ke dawowa ba. Sai dai idan muka duba jerin nan da kyau, a kusan kowane layi fili muka bayar, ko kuɗin haya, ko kasuwa.

Gaskiya ne kwatancen yana da iyaka. Babu wanda ke zaune a Mas da za a ƙwace wa gona. Wurin kansa bai yi kama da aljannar da ake tallatawa ba: tafiyar wata 6 zuwa 9 ce, damar tashi tana zuwa ne duk bayan wata 26, iskarsa ba ta shaƙuwa, sanyinsa ya fi na cikin firiza. Mai yiwuwa jikokinmu ma ba su ga gari a can ba.

Inda kwatancen ya tsaya daram shi ne wajen rubuta ƙa'ida. Yarjejeniyar 1967 ta hana kowace ƙasa cewa wata ko wata duniya mallakarta ce. Amma a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba kamfanoninta damar mallakar abin da suka haƙo a can. A Disambar 2022 Najeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a Yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ta tsara, kuma ita ma ta halatta haƙar. Mu nawa ne muka ji an yi muhawara a kan wannan a majalisa ko a rediyo? Kakanninmu ma an kawo musu a 1885 takardun kamfanin da daga baya ya zama kamfanin Neja, daga baya Turawa suka ba takardun fassarar da ta yi musu daɗi.

Ga misali na kusa. A Nuwamba 2023 aka tsinci dutsen Mas mafi girma da aka taɓa samu a duniya a yankin Agadas, mai nauyin kusan kilo 25. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a Niyok kan fiye da dala miliyan 5, sannan gwamnatin Nijar ta buɗe binciken yadda ya fita ƙasar. Wanda bai iya riƙe abin da ya faɗo masa a tsakar gida ba, da wuya a kira shi ranar rabon na sama.

Ba lallai sai mun ƙera roka gobe ba. Arhar hawa sama ta sa ƙaramin tauraro ya zo daidai ƙarfin jami'a, kuma muna da buƙatarsa: lura da ambaliyar gulbin Rima, da gurgusowar hamada, da dazukan da 'yan bindiga suka mamaye. Wannan na buƙatar ɗaliban lissafi da fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka ba kayan aiki na gaske, da lauyoyin da suka karanci dokar sararin samaniya, da wakilan da za su zauna a kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a Biyana su karanta kowane layi kafin a sa hannu. Garin da har yau Najeriya ke jiran sanarwarsa kafin ta ɗauki azumi ya daɗe yana duban sama. Abin da ya rage shi ne a ga 'ya'yansa a zauren da ake yanke hukunci a kanta.