Daga Majajjawa Zuwa Danƙo: Tarihin Harsashin Dalma

Na tashi a wani ƙauye kudu da Maraɗi, a ƙasar Madarumfa, inda duk yaron da ya kai shekara bakwai yake da danƙo rataye a wuya kamar laya. Aikinmu da kaka shi ne tsaron gero. Idan jan-baki suka taso garke guda sai ka ce hadari, mu kuwa muna kan rumfa muna ihu, muna buga gwangwani, muna harbi. Ƙasarmu rairayi ce, tsakuwa ba ta samuwa ko'ina, don haka da kanmu muke yin harsashi. Mu ɗebo yumɓun suri, mu kwaɓa, mu mulmula kamar 'ya'yan kanya, mu shanya a rana. Mai ƙwazo har yakan tura nasa cikin toka mai zafi don su yi tauri.

Yayana shi ya kawo mana canji. Wata rana ya dawo daga garejin da yake koyon aiki da guntayen dalma da ya ciro daga mataccen batirin mota. Ya jira Inna ta sauke tuwo, ya ɗora gwangwanin sardin a murhunta, ya narkar da su, ya danna yatsa a ƙasa ya yi ramuka, ya zuba. Abin da ya fito bai kai kan yatsa ba, amma nauyinsa ya ba mu mamaki. Da shi ya kayar da fakara daga nesan da yumɓu ba ya kaiwa. Na ce, "Yaya, ka ba ni ko biyu mana." Ya ba ni uku. A aljihu nake ajiye su tare da gyaɗa, kuma idan zan ja roba da hannu biyu, a baki nake riƙe na gaba. Wannan magana ta baki ita ce ta fi tayar mini da hankali daga baya.

Sai da na girma, na shiga aikin rediyo, ina neman abin da zan cika wani shiri na tarihi da shi, na gano cewa dabarar Yaya ta girme shi da fiye da shekara dubu biyu.

A nan sai mai karatu ya bambance abu biyu. Majajjawa ita ce tsohuwa: igiya biyu da 'yar fata a tsakiya, a juya a saki. Ita makiyaya suka sani tun fil azal, kuma ita masu tafsiri suke ambata idan suka zo labarin Annabi Dawuda da Jaluta. Danƙo kuwa ɗan jiya ne, domin bai yiwu ba sai da aka sami roba mai jurewa, wadda Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Mu nan sai da keke da mota suka zo, tsofaffin tayoyinsu suka yawaita, sannan danƙo ya kori majajjawa daga hannun yara. Kakana har ya rasu yana raina danƙo, yana cewa abin wasan ragwaye ne.

Mutanen Girka na dā su suka yi suna wajen zuba dalma ta zama harsashin majajjawa. Dalilin a fili yake: dalma ta ninka dutsen da ya kai girmanta nauyi kamar sau huɗu, saboda haka tana ratsa iska da sauƙi, ta yi nisa, kuma ba a ganin tahowarta. Ga ta da saurin narkewa, a zafi digiri 327 kawai, wanda wutar itace ke kaiwa. Zinofon, wani kwamanda ɗan Atina da ya rubuta labarin janyewar sojojin haya na Girka daga ƙasar Farisa a shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin yadda maharban abokan gaba suka addabe su, har suka tattaro mutanen tsibirin Rodas da ke cikinsu, waɗanda suka iya jifa da dalma, jifansu ya zarce na Farisawa masu amfani da manyan duwatsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne rubutu da suke yi a jiki. Akwai wani harsashi a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, an zana masa kalma ɗaya da Girkanci, ma'anarta "karɓi". A kewayen garin Farujiya na Italiya, inda Oktabiyan ya yi wa abokan hamayyarsa ƙawanya a shekara ta 41 zuwa 40 kafin haihuwar Annabi Isa, an tono harsasai masu ɗauke da zagi da batsa, irin wanda ba zan iya karantawa a rediyo ba. A wani sansanin Rumawa a ƙasar Holan kuma an sami waɗanda aka yi cikin gaggawa, sojoji suka danna yatsa a yashi suka zuba dalma. Ranar da na karanta wannan sai da na ajiye takardar na yi dariya, don Yaya na gani tsugune a bakin murhu.

Rumawan ba su jahilci illarta gaba ɗaya ba. Bitrubiyas, wani masanin gininsu, ya rubuta cewa bututun ruwa na yumɓu ya fi na dalma lafiya, ya kafa hujja da yadda masu aikin narkar da ita suke ɗashewa. An sani, aka ci gaba da amfani da ita. An sa ta a fenti, an sa ta a man fetur tun shekarun 1920, kuma sai a 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina sayar da fetur mai dalma. Mu ma muna da namu: yawancin tozalin dutse da ake sa wa jarirai, asalinsa ma'adinin dalma ne. Na faɗi haka sau ɗaya a shiri, wata tsohuwa ta bugo waya ta ce, "Ɗan nan, da shi aka rene ka, ga ka kana magana." Ban yi mata musu ba, amma ban janye maganata ba.

Abin da ya sa na daina kallon wannan a matsayin labarin nishaɗi shi ne Zamfara. A farkon 2010, ina makarantar koyon aikin jarida, labari ya fito cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da 'Yargalma, da farfaɗiya da amai, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma ce. Masu neman zinariya suna kawo duwatsu cikin gida, ana daka su, ana niƙa su, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara wajen 400 suka rasu. Garin Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Waɗannan mutanen harshenmu ɗaya, kasuwanninmu ɗaya. Kafin su, a 2008, an tabbatar da mutuwar yara 18 a wata unguwa ta bakin birnin Dakar a Senegal, inda ake fasa tsofaffin batura ana cire dalma. Wato irin batirin da Yaya ya kawo gida.

Ba na cewa harsashi uku a aljihun yaro daidai yake da Bagega. Akwai tazara mai yawa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani adadi na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa ba, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba zuƙe ta. Tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, ba ciwo, ba ƙurji, sai dai yaro ya riƙa nauyin fahimta, a ce daƙiƙi ne. Tana zama a ƙashi shekara da shekaru. Hayaƙin narkawa ana shaƙarsa, ƙurar tana zama a toka da ƙasar murhu, kuma murhun da muka yi aikin a kai shi ne Inna ta ɗora kunun ƙanwata washegari. Tsuntsaye ma ba su tsira ba, shi ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da harsashin dalma tun 1991, domin agwagi suna haɗiye wanda ya faɗa ruwa, mikiya kuma tana cin gawar da aka harba.

Bara da kaka na je gida. Na tarar da ɗan Yaya, mai shekara tara, da danƙonsa a wuya, aljihunsa ya yi nauyi. Na ce ya nuna mini. Ƙwallayen ƙarfe ne na bodin babur da ya tsinto a garejin babansa, gauraye da na yumɓu. Na tambayi Yaya ko yana tuna gwangwanin sardin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai na ji shirin naka. Batir yanzu a bayan gareji nake tara shi, masu saye su zo su kwashe." Na ce, su kuma ina suke kai shi? Ya ce Kano yake jin ana cewa.