Daga Jakin Fatake zuwa Tayar Akori-kura: Tarihin Sufuri a Gar ta Paraku da Jugu

Garuruwan Paraku da Jugu, waɗanda suke arewacin Jamhuriyar Benin, sun yi suna a harkar ɗaukar kaya tun kafin mota ta taka ƙasar Borgu, domin suna kan hanyar goro wadda ta haɗa Kano da Sakkwato da kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. A ƙarni na 19 ayarin fatake yakan taso daga ƙasar Hausa da kanwa da tufafi da fatu, ya haye kogin Kwara, ya bi ta Nikki ko Paraku, ya yada zango a unguwar Wangara ta Jugu, inda baƙi Musulmi masu jin Dendi da Hausa suke zaune a ƙarƙashin kariyar sarkin Kilir, mai mulkin Jugu. Madugu, wato jagoran ayari, shi yake ƙiyasta nauyin da kowane jaki zai ɗauka, yana duban tsawon tafiya da halin hanya da kuma inda za a sami wata dabba idan ɗaya ta gaza, kuma wannan lissafi mai ƙafa uku shi ne gadon da masu motocin garuruwan biyu suka karɓa.

Hanyar goro ta yi rauni bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 da kuma yaƙin basasar Salaga na 1892, sannan yarjejeniyar 1898 ta raba Borgu tsakanin Faransa da Ingila. Abin da ya sake raya Paraku shi ne jirgin ƙasa. An fara shimfiɗa layin dogo daga Kwatano a 1900, bai iso Paraku ba sai 1936 bayan ya ratsa kilomita 438, kuma a nan ya tsaya, ko da yake niyyar masu mulkin mallaka ita ce ya kai bakin Kwara. Tsayawar da ya yi ita ta haifi Gar, wato tashar jirgi da unguwar da ta kewaye ta, saboda duk kayan da ya nufi Nijar dole a sauke shi daga tarago a ɗora wa mota, ta bi ta Kandi zuwa Malanbil, tafiyar da ta haura kilomita 300. A shekarun 1950 Faransawa suka ƙirƙiro tsarin da suka kira Hirondelle, wanda ya karkato gyaɗar Maraɗi da Damagaram daga hanyar Kano zuwa ta Dahome, wato Benin ta yau, ta yadda motar da ta kai kayan masarufi arewa ba za ta dawo wayam ba. An buɗe gadar Gaya da Malanbil a 1958, aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar a 1959, wadda daga baya aka sani da OCBN, kuma daga shekarun 1970 yuraniyom ɗin Arlit ma ya riƙa bin wannan hanya. Jikokin fatake na Jugu, garin da hanyoyi suka haɗu a cikinsa daga Paraku da Natitingu da kan iyakar Togo, suka koma direbobi da masu manyan motoci, har aka san garin da wannan sana'a a faɗin ƙasar.

A gefen manyan motocin akwai wata ƙaramar ma'aikaciya da masu rubuta tarihi ba su cika kula da ita ba, wato akori-kura, mota mai buɗaɗɗen baya da ake lulluɓe wa tamfol. Peugeot 404 da 504 masu tamfol su ne suka daɗe suna shiga ƙauyukan Borgu da Donga, wato yankunan Paraku da Jugu, suna kwaso doya da masara da kaɗanya zuwa kasuwar Arzeke ta Paraku, kafin Toyota Hilux ta karɓe filin. Irin wannan mota tana taka kwalta da safe, da rana ta faɗa burji mai gargada, da damina kuma ta kutsa laka, don haka zaɓen tayarta ya zama ilimi mai zaman kansa a wurin direbobi da masu faci, waɗanda rumfunansu suka jeru a bakin kowace tashar mota.

Ilimin yana farawa ne da karanta lambobin da ke jikin taya. A tsohon tsari, irin 7.50 R16 da ake ɗaura wa Land Cruiser, lamba ta farko faɗin taya ce a inci, ta biyu kuma tsayin ƙarfen da ake ɗaura ta a kai, harafin R yana nuna cewa zaren cikinta ya ratsa ta daga gefe zuwa gefe, ƙirar da kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946 wadda ba ta saurin zafi kamar tsohuwar ƙira mai zare a gicciye. A sabon tsari, irin 265/65 R17, faɗin milimita 265 ne, tsayin gefen taya kuma kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗi, abin da ke ba da taya mai tsayin kusan milimita 776 gaba ɗaya. Harafin C ko LT, kamar a 205 R16 C da tsofaffin Hilux suka zo da ita, alama ce ta tayar lodi mai kaurin gefe, kuma ga motar da ke ɗaukar buhuna kullum wannan harafi ya fi faɗin taya muhimmanci nesa ba kusa ba.

Masu tsohuwar sana'a sun fi son taya siririya mai dogon gefe a kan ƙarfe mai inci 16, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Dogon gefe yana shanye dukan rami da gargada kafin ya isa ƙarfe, yana kuma ba direba damar rage iska a cikin yashi ba tare da ya ɓata tayar ba, siririn baki kuma yana yanka laka ya taɓo ƙasa mai tauri a ƙarƙashi. Ƙara girma yana da ribarsa, amma ribar kaɗan ce. Wanda ya bar 265/65 ya koma 265/70 a kan ƙarfe ɗaya ya ƙara wa tayar tsayin kusan milimita 27, amma rabin wannan ne kawai zai ɗaga cikin motar daga ƙasa, alhali injin zai ƙara wahala wurin tashi da lodi, mai zai ƙara tafiya, birki zai ƙara nisa, agogon gudu kuma zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kimanin kashi 3 cikin ɗari. Sha'awar faffaɗar taya mai manyan haƙora, wadda ta shigo tare da motocin alfarma, ta dace da wanda ba ya lodi, kuma a kan kwaltar Paraku zuwa Jugu ƙugi da saurin cinyewa ne kawai amfaninta.

Ƙafa ta uku ta lissafin madugu, wato samun madadi a hanya, ita ce ta fi sauyawa. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin sabuwar taya, rufe masana'antar Michelin ta Fatakwal a 2007 da ta Dunlop ta Ikeja a shekara mai biye ya toshe wata kafa ta kusa, sai kasuwa ta cika da tayoyin gwanjo na Turai da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano da kuma sababbi masu araha daga Sin. Tayar gwanjo tana iya zuwa da haƙora masu kyau alhali robarta ta tsufa, shi ya sa ƙwararren mai faci yake neman lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, waɗanda tun shekarar 2000 suke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma da yawa daga cikin tayoyin gwanjo an yi su ne don sanyin ƙanƙara, zafin Borgu yana cinye su da wuri. Direban da ya ɗaura girman da ba a saba da shi ba yana iya kwana a ƙauye don rashin madadi, ko ya haɗa taya biyu masu bambancin tsayi a gatari ɗaya, abin da ke cinye giyar baya, balle a mota mai jan ƙafa huɗu.

Jirgin fasinja ya daina zuwa Paraku, layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso bai haɗu da na Benin ba, rufe iyakar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma ya tsayar da manyan motoci masu yawa, amma akori-kura ba ta daina zirga-zirga tsakanin gona da kasuwa ba. Ga motar da ke wannan aiki kullum, girman da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa, cikin tayar lodi mai harafin C ko LT wadda shekarunta ba su ja ba, shi ne zaɓin da ya fi dacewa da hanyoyin Borgu da Donga.