Magungunan peptid: ma'anar kalmomin da ke kan kwalin magani da cikin rahoton bincike

Insulin da masu ciwon sukari ke yi wa kansu allura, da oksitosin da ungozoma ke yi wa mace bayan haihuwa, da Ozempic da ake ta zancensa a shafukan sada zumunta saboda rage ƙiba, duk dangi ɗaya ne da ake kira magungunan peptid. Takardar bayanin da ke cikin kwalinsu da Faransanci take a Nijar da Chadi da mafi yawan Kamaru, da Ingilishi a Najeriya da Gana. Kalmomin cikinta su ne ke bayyana dalilin da ya sa ake yin allurarsu maimakon haɗiya, ake ajiye su cikin sanyi, kuma ake bambanta maganin da aka tantance da na jabu.

Mene ne peptid?

Jiki yana gina furotin da wasu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Idan aka jera su kamar ƙwayoyin carbi a zare, gajeren jeri, daga biyu zuwa kusan 50, shi ne peptid. Idan jerin ya yi tsawo ya nannaɗe, ya zama furotin. Oksitosin yana da amino asid 9, insulin kuwa 51, shi ya sa yake kan iyakar biyun.

Frederick Banting da Charles Best ne suka fitar da insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, aka fara yi wa marar lafiya allurarsa a watan Janairun 1922. A 1953 Vincent du Vigneaud ya haɗa oksitosin a ɗakin bincike.

Aikin magani a jiki

Wannan fanni shi ne pharmacodynamie da Faransanci, wato abin da magani ke yi wa jiki.

Récepteur, makarɓi: wuri ne a jikin ƙwayar halitta da magani ke laƙewa, kamar makulli a kwado.

Agoniste: maganin da ke laƙewa ya tayar da aikin. Oksitosin yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya.

Antagoniste: wanda ke toshe makarɓin ya hana aikin. Atosiban yana toshe wurin oksitosin domin jinkirta naƙudar da ta zo kafin lokaci.

Analogue: kwafin sinadarin jiki da aka ɗan sauya. Semaglutid, sinadarin da ke cikin Ozempic da Wegovy na kamfanin Novo Nordisk na Danmak, kwafi ne na GLP-1, wanda hanji ke fitarwa bayan cin abinci ya ƙara fitar insulin, ya kuma sa a ji ƙoshi.

Tafiyar magani a jiki

Pharmacocinétique ita ce abin da jiki ke yi wa magani: shigarsa jini, rarrabuwarsa, narkewarsa da fitarsa.

Biodisponibilité: kason maganin da ya isa jini. Ciki yana narkar da peptid kamar yadda yake narkar da nama, saboda haka akasarinsu allura ake yi. Ƙwayar semaglutid ta haɗiya, Rybelsus, kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai ke isa jini. Shi ya sa ake shan ta da safe kafin a ci komai, da ruwa kaɗan, sannan a jira minti 30.

Demi-vie, rabin wa'adi: lokacin da adadin magani a jini ke raguwa da rabi. Na GLP-1 na jiki kusan minti 2 ne. Na semaglutid kusan mako guda ne, dalilin da ya sa ake allurarsa sau ɗaya a mako, kuma yake ɗaukar kusan mako biyar kafin ya bar jiki.

Posologie: yawan magani da lokutan shansa. Insulin da oksitosin ana auna su da UI, ma'aunin ƙarfin aiki na duniya. Akwai insulin mai UI 100 a mililita ɗaya, akwai mai UI 40, kuma kowane da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi mai 100 da sirinjin 40 ya ninka maganin sau biyu da rabi, abin da ke iya jefa shi cikin suma saboda faɗuwar sukari.

Chaîne du froid, ajiyar sanyi: tsare magani tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa hannun marar lafiya. Zafi yana rage ƙarfin oksitosin da insulin ba tare da kamannin kwalbar sun sauya ba. Daskarewa ma tana lalata insulin.

Kalmomin binciken asibiti

Kafin a gwada magani a jikin mutum ana fara gwada shi a ɗakin bincike da jikin dabbobi, matakin da ake kira préclinique. Daga nan sai essai clinique, gwaji a kan mutane, mai matakai huɗu. A mataki na 1 mutane kaɗan ne, galibi masu lafiya, ana duba illa da adadin da jiki ke ɗauka. A na 2 marasa lafiya ne, yawanci ɗaruruwa, ana neman alamar amfani. A na 3 sukan kai dubbai, ana kwatanta sabon magani da wani. Na 4 yana zuwa bayan magani ya shiga kasuwa.

Randomisation: raba mahalarta gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi wanda zai samu sabon magani.

Placebo: abin da ya yi kama da magani amma babu sinadarin aiki a cikinsa.

Double aveugle: marar lafiya da likita duk ba su san wane magani aka bayar ba sai bayan kammala gwaji.

Non-infériorité: gwajin da ke neman nuna cewa sabon magani bai gaza tsohon ba. Misalinsa binciken CHAMPION na Hukumar Lafiya ta Duniya, da aka wallafa a 2018. Mata kusan dubu 30 a ƙasashe 10, har da Najeriya, Kenya da Yuganda, aka raba tsakanin oksitosin da karbetosin mai jure zafi. Karbetosin bai gaza ba wajen hana zubar jinin da ya kai rabin lita, kuma ba ya buƙatar firji. A 2019 hukumar ta sa shi cikin jerin magungunan da suka zama dole, lamarin da ke da muhimmanci ga asibitocin karkara na Sahel inda wutar lantarki ba ta tsayawa.

Consentement éclairé: amincewar mahalarci bayan an yi masa bayani cikin harshen da yake ji, tare da 'yancin janyewa a kowane lokaci. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya jawo shari'a ta shekaru, kuma batun amincewar iyaye na cikin manyan ƙorafe-ƙorafen.

Effet indésirable: illar da ba a so. Ga semaglutid, tashin zuciya, amai da gudawa ne suka fi yawa. Pharmacovigilance kuwa ita ce tattara rahoton irin waɗannan illoli bayan magani ya shiga hannun jama'a.

Izini da jabu

AMM ita ce takardar izinin sayar da magani da hukumar magunguna ta ƙasa ke bayarwa. A Najeriya lambar NAFDAC ce ke nuna rajista. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Ozempic na jabu da aka gano a Brazil, Birtaniya da Amurka. Akwai kuma peptid da ake tallatawa ta intanet da rubutun cewa na bincike ne kawai. Ma'anar rubutun ita ce ba a amince a yi wa mutum amfani da shi ba, kuma babu hukumar da ta tabbatar da abin da ke cikin kwalbar. Kafin biyan kuɗi, mai saye ya duba sunan sinadari, lambar izini, lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki, ya kuma tabbatar daga firji mai farmasi ya ɗauko maganin.