Ciwon Kai a Zangon Lome: Daga Ƙahon Wanzami zuwa Hoton Ƙwaƙwalwa

Ciwon kai yana cikin larurorin da suka fi kai mutum wurin mai magani a kowane zamani, amma har zuwa shekarun 1970 babu mai iya leƙa cikin ƙoƙon kan mai rai ba tare da an gana masa azaba ba. Abin dogaron mai magani bai wuce bayanin majinyaci da abin da ido ya gani da abin da hannu ya taɓa ba. A wurin Hausawan Lome, babban birnin Togo, aikin gano musabbabin wannan ciwo ya bi ta hannun wanzami da malami, sannan likitan asibiti, kafin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta iso. Babu ɗayansu da ya kori wanda ya riga shi.

Fataucin goro ne ya gangaro da Hausawa wannan gaɓar teku. Ayarin Kano da Katsina da Sakkwato kan shafe watanni a hanya kafin ya sauka Salaga ta ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya ci kasuwar Salaga a 1892, sai fatake suka watsu, wasu Kete-Krachi, wasu Akra, wasu Lome, wadda Jamusawa suka mayar hedikwatar mulkinsu a 1897. Zango ya kafu a tsakiyar gari da mahautansa da dillalan shanu da 'yan goro da malamai. A 1977 gwamnati ta rushe shi, aka kai mazauna sabon wuri a arewacin birni, wajen Agoè. Ba kowa ne ya bi ba. Akwai waɗanda suka bazu cikin unguwanni suna zaune tare da Ewe da Mina, har da Nyékonakpoè da ke yammacin gari dab da iyakar Gana.

Duk inda zango ya kafu akwai wanzami, domin ba a suna sai da shi, ba a kaciya sai da shi. Shi ne kuma matakin farko na mai ciwon kai. Kafin ya buɗe zabira sai ya yi tambaya: ciwon a goshi yake ko a ƙeya, ɓari ɗaya ne ko duka kan, yana zuwa da jiri ko amai, da rana yake tashi ko da asuba. Daga nan yake rarrabe ciwon ɓarin kai da wanda zafin rana ya jawo da wanda sanyi ya kawo. Fahimtar da ya gada ita ce, ciwo mai naci alamar jini ne da ya taru ya mutu, kuma sai an fitar da shi. Sai ya aske gurbi a ƙeya, ya kafa ƙaho ya zuƙe iska da baki ya toshe hudar, fata ta taso. Ya cire ya yi 'yan tsage da aska, ya sake kafawa har jini ya taru. Idan ciwon a gefen goshi yake, akan yi ɓalli-ɓalli a wurin a shafa magani. Wannan aiki yana da gindin zama a addini, tunda ya tabbata a hadisi cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho a ka saboda ciwon ɓarin kai, shi ya sa malami da wanzami ba su cika saɓani a kansa ba.

Malami kuwa nasa tofi ne da rubutun sha da laya, sai turare da habbatus sauda. Ciwon kan da ya zo da faɗuwa ko sambatu ko sauyin hali, wurinsa ake kai shi, ko wurin masu bori, domin ana ɗaukarsa taɓin iska. Adalci shi ne a ce waɗannan hanyoyi sun yi suna ne saboda mafi yawan ciwon kai yana lafawa da kansa bayan hutu da barci, ko an yi magani ko ba a yi ba. Inda suka gaza shi ne 'yan kaɗan masu kisa: sanƙarau, ƙari a ƙwaƙwalwa, da fashewar jijiyar jini. A nan ƙaho ba ya ƙara komai sai ɓata lokaci.

Asibitin Turawa ya iso Togo tun zamanin Jamus, aka gina na Aneho a 1894, daga baya na Lome. A zamanin Faransa aka gina babban asibitin Tokoin a kan tudu, tsallaken tafkin da ke arewa da Nyékonakpoè, asibitin da a yau ke ɗauke da sunan Sylvanus Olympio. Sai dai game da ciwon kai likitan wancan lokaci bai fi wanzami gani ba. Abin da ya fi shi da shi ƙwaya ce: asfirin, wadda kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayarwa a 1899, da kwinin na zazzaɓi. Hoton ƙashi da Wilhelm Röntgen ya gano a 1895 yana nuna tsagewar ƙoƙon kai, amma ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a cikinsa. Likitoci sun yi dabaru don su zagaye wannan cikas. A 1918 da 1919 Walter Dandy na Amurka ya ɓullo da zuƙe ruwan ƙwaƙwalwa a ɗura iska a madadinsa don a ga inuwar kogunanta, aikin da kan bar majinyaci da matsanancin ciwon kai da amai na kwanaki. A 1927 Egas Moniz na Fotugal ya fara zuba rini a jijiyar wuya don jijiyoyin kai su fito a hoto. Ba wanda zai yi wa mai ciwon kai na yau da kullum ɗayan biyun nan.

Al'amarin ya sauya ranar 1 ga Oktoba 1971, lokacin da aka ɗauki hoton kan wata mata a asibitin Atkinson Morley na Landan da na'urar da injiniya Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ya ƙera. Na'urar tana zagaya kai tana harba hasken hoton ƙashi ta kusurwoyi masu yawa, kwamfuta ta haɗa lissafin ta fitar da ƙwaƙwalwa yanka-yanka. Ita ce mutanen Lome ke kira sikana. Hounsfield da Allan Cormack sun sami kyautar Nobel a 1979. Na'ura ta biyu ita ce ta hoton maganaɗisu, wato IRM a bakin likitocin ƙasashen renon Faransa, wadda ta tsiro daga aikin Paul Lauterbur da Peter Mansfield a shekarun 1970, su ma aka ba su Nobel a 2003. Sikana ta fi sauri, ta fi ganin sabon jini da karaya, cikin 'yan mintuna an gama. Ta maganaɗisu ta fi fito da naman ƙwaƙwalwa dalla-dalla, ba ta amfani da haske mai cutarwa, amma tana ɗaukar rabin sa'a ko fiye, kuma ta fi tsada.

Waɗannan na'urori sun makara kafin su iso Afirka ta Yamma, da suka iso kuma sai suka taru a manyan birane. A Togo yawancinsu a Lome suke, tsakanin asibitocin koyarwa da na kuɗi, sai sabon asibitin Dogta-Lafiè da aka buɗe a Agoè a 2023, ba nisa da sabon zango. Sayen na'ura ba shi ne wahala ba. Riƙe ta ne, domin tana son wuta mai ɗorewa da sanyi da injiniyan da sau da yawa sai an ɗauko daga waje. Kuɗin kuma a kan majinyaci yake faɗawa. Mafi ƙarancin albashi a Togo tun 2023 sefa 52,500 ne a wata, hoton maganaɗisu guda ɗaya ya haura haka.

Abin da mutane da yawa ba su yi zato ba shi ne, da aka sami damar leƙa cikin kai, sai aka tarar mafi yawan masu ciwon kai hotonsu lafiya lau yake. Ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta fitar da rabe-rabensa a 1988, ta kuma fitar da bugu na uku a 2018, inda manyan gidajensa biyu su ne: wanda shi kansa ne cutar, da wanda alama ce ta wata cuta. Na farkon, wato ciwon ɓarin kai da mai ɗaure kai kamar an naɗa rawani da ƙarfi, shi ne kusan tara cikin goma. Ciwon ɓarin kai kaɗai yana damun kimanin mutum ɗaya cikin bakwai a duniya, ya fi kama mata, kuma ba ya barin tabon da sikana za ta gani. Da tambaya ake gane shi, tambayoyin da ba su yi nisa da na wanzami ba, sai dai likita yana ƙarawa da awon jini da leƙa cikin ido da gwada ƙarfin hannu da ƙafa.

Akwai alamun da idan sun bayyana ba a jira. Ciwon da ya sara farat ɗaya ya kai maƙura cikin minti guda yana iya zama jini ne ya ɓalle, kuma sikanar da aka yi cikin sa'o'i shida na farko da wuya ta kuskure shi. Haka nan ciwon da ya zo da shanyewar ɓarin jiki ko karkacewar baki ko farfaɗiya ko ruɗewa; wanda ya fara sabo bayan shekara 50; wanda ke ƙaruwa mako bayan mako yana tada mutum da amai; da na mai kansa ko mai ƙanjamau. A Lome akwai ƙarin dalili guda da ke cika ɗakin sikana, wato haɗarin zemijan, baburan haya da suka mamaye titunan birnin tun farkon shekarun 1990. Dattijon da ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe riga yana iya tara jini a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, sai bayan makonni a ga ya fara mantuwa da tangaɗi. A da irinsa ake cewa tsufa ne ko sammu, alhali ƙaramar tiyata ke warkar da shi. Hoton ya kuma tona wata cutar da bincike ya nuna tana da yawa a arewacin Togo, ta tsutsar alade mai kwana a ƙwaƙwalwa tana haddasa farfaɗiya da ciwon kai. Ba sai mutum ya ci naman ba; ƙwan tsutsar kan shiga ta gurɓataccen ruwa ko ganye, don haka Musulmi ma bai tsira ba.

Wasu manyan musabbabai na wannan yanki kuwa ba hoto ke gano su ba. Zazzaɓin cizon sauro ɗigon jini ake gwadawa. Sanƙarau, wanda ya kashe dubban mutane a arewacin Najeriya a 1996 kuma yake taɓa arewacin Togo da rani, ruwan ƙashin baya ake ɗiba. Sai ciwon kan da ƙwaya ke haifarwa: mai shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko tiramadol kwana 10, yana iya wayar gari maganin ne ke tada ciwon, kuma masu tallar magani a tire sun sauƙaƙa wannan hanya ƙwarai.

Hoton da aka yi ba bisa dalili ba yana da nasa lahani. Sikana tana ɗora wa jiki haske mai yawa, abin da ake gudu musamman ga yara da masu ciki. Na'urar maganaɗisu kuma takan nuna 'yan ɗige-ɗige da ƙananan kumburi marasa illa waɗanda mutum zai rayu da su har tsufa, amma da zarar ya gani a takarda hankalinsa ya tashi, a shiga sabon kashe kuɗi. Duk da haka majinyata da yawa su ke roƙon a yi, domin a ganinsu likitan da bai tura su hoto ba bai duba su ba. Inshorar lafiya ta ma'aikatan gwamnati da aka kafa a 2011, wadda aka soma faɗaɗa ta ga sauran jama'a a 2024, tana rage nauyin ga masu rajista, amma yawancin 'yan zango 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, kuma har yanzu karo-karon dangi da na masallaci ke biyan hoton. Ƙaho kuwa bai gushe ba, sai dai kofin roba mai famfo da reza sabuwa suna maye gurbin ƙahon sa da askar gado, saboda tsoron ƙanjamau da ciwon hanta.