Gurbin Sarkin Makafi a Tarukan Sabo

Tun da aka kafa Sabo a nan Ibadan a 1916, iyayenmu ba su zo da fataucin goro da shanu kaɗai ba. Sun zo da tsarin zama irin na gida, kuma a cikin tsarin nan akwai sarautun da yaran yanzu ke jin sunansu su yi dariya: Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare. Ba sarautun wasa ba ne. Abner Cohen, masanin da ya zauna a unguwar nan yana bincike a farkon shekarun 1960, ya ambaci waɗannan sarakuna a littafinsa da ya fito a 1969. Baƙon makaho in ya sauka daga Arewa, ya san ƙofar da zai nufa. Can za a nema masa makwanci, can kuma za a yi sulhu in rigima ta tashi tsakaninsa da ɗan'uwansa.

Wannan tsari shi ya ba su gurbi a taro. Dattawanmu na tuna yadda ake Mauludi da naɗin sarauta da ɗaurin aure: a share fili, a kafa rumfa, a baza tabarmi. Babu ƙofa, balle mai gadi. Gurgu ya turo kekensa har bakin tabarma, makaho ya zo da ɗan jagoransa a matsa masa. Sau da yawa ma makafin ne ƙawar taron, don su ke riƙe da Ishiriniya da ka, su ke rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, wanda shi kansa makaho ne daga ƙasar Zazzau. In murya ta tashi daga ɓangarensu sai ka ga hira ta mutu.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Gurbin nan rabinsa na girma ne, rabinsa na sadaka. Ana ba su wuri ne a matsayin waɗanda za a miƙa wa, ba waɗanda za a nemi shawararsu ba. Kutare kuwa can gefe ake ajiye su, da kwanonsu daban. Kurame su ne aka fi mantawa. Kurma zai zauna tun farkon wa'azi har a shafa fatiha, bai san me aka ce ba. Ga shi kuwa a garin nan ne Andrew Foster, wani kurma baƙar fata daga Amurka, ya buɗe makarantar kurame a 1960, kuma kuramen ƙasar Hausa suna da yarensu, maganar hannu, tun kafin zuwan makarantun. Mu dai ba mu saba tsayar da mai fassara a gefen malami ba.

To, sai zamani ya juya. Unguwa ta cika, filaye suka zama shaguna, hannu ya ɗan yi maiƙo, biki ya koma ɗakin taro na haya. Nan fa aka yi asarar da ba wanda ya lissafa. Ɗakin yana saman bene, matakala ashirin ko fiye. Akwai katin gayyata, akwai ƙato a bakin ƙofa wanda in ya ga sanda ko keken guragu, bara kawai yake gani. Mun sha ganin dattijon da aka gayyata da sunansa an tsayar da shi a waje, sai wani ya fito ya ce, "Kai, ai kawun amarya ne!" Wani kuma samari huɗu su ciccibe shi da kekensa su hau da shi, jama'a na kallo. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, gaba in an gayyace shi sai ya aiko da uzuri. Lasifika ma ta karɓe aikin masu rera waƙa; yanzu wayar wani yaro ake jonawa.

Doka ta iso daga baya. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara hanyoyinsu. Wa'adin ya cika a farkon 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Sai dai doka ba ta zuwa zaman kwamitin Mauludi, kuma ba ita ke zaɓar ɗakin da za a yi walima ba. Mu ke zaɓa.

Abin da ake nema ba ya kai kuɗin naman sa guda. A kama ɗaki na ƙasa, in kuma akwai tudu a bakin ƙofa, kafinta ya buga gangaren katako. A bar layi ɗaya a gaba babu kujeru saboda kekuna. Katin makaho ya zama na mutum biyu, shi da ɗan jagora. A nemo mai fassara da hannu, a tsayar da shi inda haske yake, a biya shi kamar yadda ake biyan mai lasifika. Sannan ranar da za a zauna tsara taron Sallah mai zuwa, a aika wa shugabannin makafi da guragu da kurame takarda tun a zaman farko, kafin a biya kuɗin ɗaki.